Lamba 8 ya ƙetare hanya: mu tafa masa ko mu juya masa baya?

Mai Gidan Kallo:
Assalamu alaikum jama'ar Tawa, na gida da na waje. Maganar da ake ta raɗe-raɗinta tun ranar Juma'a ta tabbata. Yaronmu lamba 8 na ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ya sa hannu wajen mutanen can, maƙwabtanmu abokan hamayya. Na ga hoton da idona, yana riƙe da rigarsu, shugabansu na dafe da kafaɗarsa. Jiya da dare ba a kalli komai a wajena ba sai gardama, har na kashe tele na sallami mutane tun lokaci bai yi ba. Shi ya sa na kawo ta nan, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Sharaɗi ɗaya: ban da zagin iyaye. Sahu ɗaya muke sallah da babansa.

Ni kaina ban san inda zuciyata ta tsaya ba. Da safe in ji haushinsa, da marece in ji tausayinsa.

Ɗan Bilbis:
Wa alaikumus salam. Ni tawa ta tsaya tun jiya. Butulci ne, ba shi da wani suna. Da Yamai ya tafi, wallahi da ni zan ɗauki jakarsa har tasha. Da Maraɗi ko Damagaram ne, da mun yi masa addu'a. Amma duk faɗin Nijar ya rasa inda zai je sai wajen waɗanda suka jefe mu da duwatsu a gasar babban hutu? Shi ne fa ya yi kuka ranar, muka rarrashe shi. Yau ya manta.

Ɗan Wadata:
Gaskiyarka abokina. Kuma wata biyu da suka wuce a fada ya rantse mana ba inda za shi. Wannan rantsuwar ce ta fi ƙona mani rai, ba tafiyar ba.

Kawu Direba:
Ku yara ku yi sannu. Yaron nan a gabanmu anka yi sunanshi. Shekara nawa ina ɗaukar ku cikin motata zuwa Ƙonni da Madawa, ban taɓa amsar ko dala ba, to in ana maganar wanda ya yi hasara ina ciki. Amma ku hwaɗa mani: cikinku wa ya san abin da aka ci gidansu daren jiya? Babanshi ya tsuhwa, ƙahwa ta ƙi. Ƙannenshi huɗu na lakwal. Mu da munka ce muna sonshi, mi munka ba shi in ban da kirari da shayi?

Ɗan Bilbis:
Kawu, da girmanka, ba na ja da kai. Amma talauci ba yau ya zo unguwarmu ba. Sauran 'yan wasan ai ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, ga su nan ba su tafi ba.

Kawu Direba:
Ba su tahi ba don ba a zo neman su ba, ɗana. Bari a zo, sannan ka auna.

Ɗan Abijan:
Barkanku da gida. Ina karanta ku daga nan, kuma maganar ta taɓa ni ta wani gefe. Mu 'yan Adar duk duniya ta san mu da tafiya nema. Wace unguwa ce a Tawa ba ta da mutum a Abijan ko Libiya? Ranar da na bar shagon maigidana na koma na wani a layi ɗaya, don ya fi biya, mutumin da ya koya mani sana'a ya yi shekara bai amsa gaisuwata ba. Na san zafin da ya ji, kuma na san dalilin da ya sa na tafi, dukansu gaskiya ne. To me ya sa in tela ko makanike ya canza maigida sai mu ce neman halali, in ɗan ƙwallo ne sai mu ce ya ci amana?

Ɗan Wadata:
Yaya, saboda ba wanda ke zuwa ƙofar shago ya yi ta ihu har murya ta dushe don tela ya gama ɗinki. Ƙwallo daban ne. Mu mun zuba zuciyarmu a kansa.

Mai Gidan Kallo:
Wannan magana ta Ɗan Wadata tana da nauyi. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Shekarun da na yi ina nuna wasannin Turai sun nuna mani cewa wannan ciwo ko'ina akwai shi. Masu shekaru a cikinmu sun tuna Sol Campbell. Tottenham ta rene shi tun yana yaro, ya zama kyaftin ɗinsu, shi ya ɗaga musu kofi a 1999. A 2001 kwantiraginsa ya ƙare, ya tsallaka Arsenal, maƙwabtansu na arewacin Landan, ba a biya Tottenham ko sisi ba. Har yau magoya bayansu ba su yafe masa ba, suna kiransa maci amana. Amma ku duba abin da ya samu: kofin Ingila a 2002, wani a 2004 ba tare da an ci su ko sau ɗaya ba, kuma a filin Tottenham ɗin suka tabbatar da shi. A 2006 shi ya ci ƙwallon Arsenal a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai da Barcelona. Da ya zauna, da wuya ya ga ko ɗaya daga ciki. To wa ke da gaskiya, shi ko su?

Ɗan Bilbis:
Su. Ya yi ta nuna musu kamar zai zauna, sannan ya sulale. Irin na namu ke nan.

Ɗan Chelsea:
Ni na ɗanɗani wannan a 2023, da Mason Mount ya koma Manchester United. Yaron da ya shiga Chelsea yana shekara 6, shi ya ba Havertz ƙwallon da muka ci Manchester City da ita a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ta 2021. Kwana uku ban zo gidan kallo ba. Amma bambancin shi ne Chelsea ta karɓi fam miliyan 55 a kansa. Ko ka ji zafi, ka san gidan da ya rene shi bai tashi a tutar babu ba. Mu nan me muka karɓa? Ina tambaya ne da gaske, akwai wanda ya sani?

Ɗan Wadata:
An ce ƙwallaye biyu da kayan wasa saiti ɗaya.

Inna Mai Ƙosai:
Salamu alaikum. Ni ba na rubutu a nan, ɗiyata ce ke karanta mani, yau na ce ta rubuta. Yaron nan tun yana zuwa fili ba takalmi nake ba shi ƙosai da kunu in an tashi, in yana da kuɗi ya biya, in babu ya tafi. Rigunanku shekara nawa a gidana ake wanke su. Shekaranjiya da asuba ya zo ya durƙusa ƙofar ɗakina, ya ce Inna zan koma can, ki yafe mani. Na ce me ka yi mani da zan yafe? Ya kasa magana sai hawaye. Wanda bai san alheri ba ba ya zuwa da asuba ya durƙusa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, don rigar can ko a shanya ba na son ganinta. Amma na sa masa albarka, kuma ba zan janye ba.

Kawu Direba:
Allah shi saka miki, Hajiya.

Ɗan Bilbis:
Inna, ki yi haƙuri. Ke ya zo ya gaya miki. Mu da muka tashi tare, a Facebook muka gani.

Inna Mai Ƙosai:
Da ya zo muku, da kun bar shi ya gama magana, ɗana?

Ɗalibi a Yamai:
Gaisuwa ga manya. Tambayar Ɗan Chelsea ita ce tushen maganar a ganina, kuma muna ta wuce ta muna kama yaron. Bari in faɗi abin da na karanta.

Tun hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a Disamba 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai yana iya tafiya inda ya so ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin saye ba. Ta wannan ƙofa Campbell ya fita. Daga baya FIFA ta kawo hanyoyi biyu don kada masu renon yara su yi aikin banza. Ta farko kuɗin horo: ana lissafa shekarun da yaro ya yi a hannun ƙungiya daga shekara 12, a biya ta in ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre, ko in aka sayar da shi waje kafin ya wuce 23. Ta biyu, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Ko bayan shekara goma ne aka sake sayar da shi, rabonsu na nan.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Sai ƙungiyar tana da rajista a hukumar ƙwallo ta ƙasa, kuma yaron yana da lisans da sunanta a waɗannan shekaru. Abin da aka rubuta shi ake bi, ba abin da unguwa ta sani ba. Sauyi na cikin gida kuma, kamar namu, dokar FENIFOOT, wato hukumar ƙwallon ƙasarmu, ce ke hukunci a kai. Don haka tambayata: lamba 8 yana da lisans da sunanmu tun yaushe? In gobe Allah ya ɗaga shi ya fita waje, sunan wa za a gani a takardarsa?

Mai Gidan Kallo:
Koci yana cikin zauren nan, na ga yana karantawa. Malam, ko za ka ce wani abu?

Baƙo daga Can:
Kafin ya zo, ku ba ni dama. Na san ni kaɗai ne na wancan gefe a nan, aminina ne ya sa ni. Ba sace shi muka yi ba. An je gidansu da rana tsaka, an zauna da mahaifinsa. Kuma kada ku ɗauka mu ma ba a yi mana. Duk yaron da ya yi fice a wajenmu, kafin kaka biyu ya wuce Yamai. Ku dubi waɗanda ke riƙe da gasar ƙasar nan: AS FAN, AS GNN, AS Douanes, AS Police, USGN, Nigelec. Duk akwai hukuma ko kamfani a bayansu, suna iya biyan albashi. Mu da ku duk a ƙasan tsani muke, mu dai mun ɗara ku da taki ɗaya. Yau ku ke kuka, baɗi mu ne.

Ɗan Bilbis:
To in kun san zafin, me ya sa kuka yi mana?

Baƙo daga Can:
Saboda in ba mu ɗauke shi ba, wani zai ɗauka. Ban ce daidai ba ne. Na ce haka abin yake.

Tsohon Gola:
Na so in yi shiru, amma ba zan iya ba. Da yawa cikinku ba ku kai kallon wasa ba lokacin da nake tsaron raga. Sau biyu aka zo nemana, ɗaya daga Yamai, ɗaya daga waɗannan maƙwabtan. Na ƙi, saboda ina jin kunyar unguwa, saboda irin maganganun da nake karantawa yau. Aka yi ta yi mani kirari, ɗan halak, ɗan gida. Ranar da gwiwata ta tashi a fili, mutane suka ɗauke ni a kafaɗa har gida, na gode musu har gobe. Aka yi karo-karo sati na farko. Sati na biyu aka ragu. Bayan wata uku wani yaro ne a raga, ana yi masa kirarin da ake yi mani. Ban riƙe kowa ba, kowa da nauyinsa. Yau kabu-kabu nake yi da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa sosai.

Ba na cewa da na tafi da na zama wani. Allah kaɗai ya san wannan. Amma ɗan ƙwallo shekarunsa kaɗan ne, in ya yi sa'a goma, kuma takun ƙafa ɗaya na iya rufe su. Lamba 8 ya zo wajena kafin ya sa hannu. Ni na ce masa ya tafi. Wanda zai zage shi ya fara da ni.

Ɗan Wadata:
Subhanallah. Yaya, ban san haka aka yi ba.

Ɗan Bilbis:
Yaya, ba wanda zai zage ka. Labarinka ya sa jikina ya yi sanyi. Amma ka ce masa ya tafi, ka ce masa can zai tafi?

Tsohon Gola:
Can ne aka buɗe ƙofa, ƙanena. Suna buga gasar da masu neman 'yan wasa ke zuwa kallo, mu ba ma buga ta. Yamai ta fi kilomita 500 daga nan, ba wanda zai taso ya zo filin unguwarmu don ya ga yaro ɗaya. Moussa Maazou sai da ya bi ta AS FAN kafin Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2008, daga nan CSKA Moscow. Ranar da ya ci Masar a filin Seyni Kountché, Oktoba 2010, wanda ya buɗe wa Mena, ƙungiyar ƙasarmu, hanyar zuwa gasar Afirka ta 2012, akwai wanda ya tsaya tambayar wace unguwa ya bari? Duk ƙasa tsalle muka yi. Tsani hawa-hawa ne, kuma wani lokaci matakin da ke gabanka yana gidan da ba ka so.

Koci:
Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga farko. Na gode wa Hajiya, na gode wa Kawu.

Yaron nan yana shekara 9 aka kawo mani shi. Ƙafar hagu ko tsayar da ƙwallo ba ta iya yi, muka yi damina biyu ina sa shi bugun bango da ita bayan kowa ya watse. Takalminsa na farko daga kasuwa na sayo, gwanjo, ya yi masa yawa muka cusa tsumma. Ba na faɗin wannan don gori. Ina faɗi ne don ku san in akwai mai haƙƙin yin fushi, ni ne, kuma na yi. Daren da ya gaya mani ban runtsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar da zai ɗaga mana kofi a gaban mutanen can, yanzu ni zan zauna in tsara yadda za a tare shi. Na san duk inda yake juyawa, don ni na koya masa.

Amsar tambayar ɗalibinmu kuwa, ita ce ta fi yi mani ciwo. Ba shi da lisans da sunanmu sai na shekara biyun nan na ƙarshe. Kafin nan ba mu yi rajista ba. Kullum ina cewa sai an samu kuɗi, sai baɗi. Yawancin yaran ma ba su da takardar haihuwa a hannu, ni kuma ban matsa ba. Don haka shekarun da na fi wahala a kansa, a takarda babu su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba laifin yaro ba ne, ba kuma laifin waɗanda suka ɗauke shi ba.

Abu ɗaya na roƙe shi, ya ci gaba da zuwa yana gaida Hajiya da mahaifan abokansa, kada riga ta raba shi da unguwa. Ya yi alkawari. Ku kuma ina roƙonku kada ku rufe masa fada.

Ɗalibi a Yamai:
Malam, Allah ya saka da alheri. Shekara biyun ma ba banza ba ne, a adana kwafin lisans ɗin da kyau. Yara nawa ne a hannunka yanzu 'yan ƙasa da 15?

Koci:
Sun kai talatin. Akwai uku da nake ganin za su fi shi in Allah ya raya su.

Ɗan Abijan:
To mu na waje mu ɗauki kuɗin lisans ɗinsu. Zan yi magana da 'yan unguwa da ke nan, Mai Gidan Kallo ya riƙe lissafi. Kada a sake yin irin wannan a kan yaran nan uku.

Kawu Direba:
Wanda ba shi da takardar haihuwa, ni zan kai uwayenshi inda ake yi. Motata na nan.

Ɗan Chelsea:
Madalla. Amma ku bar ni in mayar da mu inda muka faro, don ranar tana zuwa. In ya shigo filinmu da rigarsu, me za mu yi? Na tuna Götze. Yana shekara 8 ya shiga Dortmund, labarin komawarsa Bayern kan yuro miliyan 37 ya fito a Afrilu 2013, ana gobe za su kara da Real Madrid. Da ya dawo filinsu a Nuwamba aka yi ta yi masa ihu, ya shigo ya ci su, ya ɗaga hannu bai yi murna ba. A 2016 kuma ya koma gida, suka karɓe shi. Ni abin da zan duba ke nan. In ya ci mu ya sunkuyar da kai, namu ne har yanzu. In ya ruga yana sumbatar rigarsu a gabanmu, to shi ke nan.

Tsohon Gola:
Kada ku ɗora masa wannan ma. Yaro ɗan shekara 20 in ya ci ƙwallo ba ya sanin inda ƙafarsa ke kai shi.

Ɗan Wadata:
Ni na sauko daga inda nake da safe, amma ban iso inda Yaya yake ba. Ba zan yi masa ihu ba. Rantsuwar nan ta fada dai ina jiran ya zo da kansa ya yi mana bayaninta.

Inna Mai Ƙosai:
Ni ranar ba zan je fili ba. Ba zan iya ganin ana tare shi da ƙarfi ina cewa madalla ba, ba kuma zan iya ganin ya ci mu ba. Ku zo ku gaya mani in an tashi.

Mai Gidan Kallo:
To jama'a, ga abin da aka tsayar. Duk mai yaro a wajen Koci ya kawo takardar haihuwarsa da hoto biyu ranar Asabar bayan la'asar, a wajena. Wanda ba shi da ita ya ga Kawu. Na waje su tuntuɓi Ɗan Abijan. Ɗalibinmu, ka bincika mana abin da ake buƙata na rajistar yara ka turo nan.

Ɗalibi a Yamai:
In sha Allahu kafin Alhamis.

Ɗan Bilbis:
Takardar ƙanena tana wajen innarmu, zan kawo ta Asabar. Koci, ka yafe mani in na yi zafi. In ya zo fada zan miƙa masa shayi, don tare muka tashi. Amma ranar wasan kada kowa ya ce in tafa masa, ba zan iya ba.